Ruwan Ƙara Okten: Ƙaramar Kwalba Ba Ta Gyara Man da Bai Dace da Mota Ba

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan mota, a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja, zai iya cin karo da wasu ƙananan kwalabe masu ƙyalli da aka jera kusa da baƙin mai da man birki. A jikinsu akwai alkawari mai daɗin ji: juye wannan a tanki, okten ɗin manka ya ƙaru, injinka ya daina ƙwanƙwasa, motarka ta dawo da ƙarfinta. Waɗanda aka yi kwalaben dominsu su ne masu motocin turbo da aka shigo da su daga Amurka ko Turai ko Japan, irin su Mercedes C300, BMW 328i, Audi da Golf GTI. Mutum ya buɗe murfin tanki ya ga an rubuta cewa sai mai na musamman motar ke sha, ya zaga gidajen man garinsu ya tarar fetur iri ɗaya tak ake sayarwa. Damuwarsa tana kan hanya, domin lallai akwai tazara tsakanin abin da injin ke nema da abin da famfo ke bayarwa. Sai dai kwalbar ba ta cike wannan tazara yadda ake zato. Da yawa daga cikinsu ba su da ƙarfin sauya komai, waɗanda kuma suke da ƙarfin, da ƙarfe suke aiki, kuma ƙarfen yana da farashin da mai mota zai biya daga baya. Gyaran gaskiya yana wajen famfon gidan mai, da wajen zaɓen mota, da wajen kula da ita.

Sai an san mene ne okten kafin a gane dalili. A cikin injin fetur, fistin yana matse cakuɗar iska da mai a saman silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bazu daga tsakiya zuwa gefe cikin tsari, ta tura fistin ƙasa. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗar da ke gefe takan fashe da kanta tun wutar ba ta iso wurinta ba. Wannan fashewa ita ke jijjiga bangon silinda, a ji ƙarar ƙarfe tana ƙyas-ƙyas lokacin da aka taka totur ko aka kama hawa. Ita ce ƙwanƙwasar da ake magana, kuma daban take da abin da kanikawa ke nufi idan suka ce inji ya buga, ko da yake idan ta daɗe tana iya kai mota can: ta fasa gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket. Lambar okten tana auna juriyar mai ne ga wannan fashewa ta ba-zata. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Graham Edgar, shi ya tsara ma'aunin a shekarun 1920, ya ba wani sinadari mai matuƙar juriya lamba 100, ya ba wani mai saurin fashewa sifili. Man da aka ce yana da 91 yana nuna halin cakuɗar kashi 91 na na farko da kashi 9 na na biyu. Lambar ba ta nufin man ya fi kuzari. Sinadarin etanol yana da okten wajen 108, amma kuzarin da ke cikin litarsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Injin turbo ya fi kowane inji damuwa da wannan lamba saboda yadda aka gina shi. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar farfela da gudun da ya haura zagaye 100,000 a minti, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin silinda da ƙarfi. Ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai, shi ya sa ƙaramin inji ke yin aikin babba. Injin Mercedes-AMG A45 S lita 2 ne kacal, amma yana ba da ƙarfin doki sama da 400, alhali Toyota Corolla mai lita 1.8 tana tsayawa tsakanin 130 da 140. Wannan ƙarfi daga matsi yake zuwa, matsi kuwa yana haifar da zafi, zafi da matsi kuma su ne iyayen ƙwanƙwasa. Shi ya sa ake sa wa irin waɗannan motoci wani ƙaramin lagireto da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji. A nan ne yanayinmu ke shiga lissafi. Wannan lagireto da iskar waje yake sanyaya ta ciki, kuma a Sakkwato da Maiduguri da Yamai ma'aunin zafi yakan haura 40 a watannin Afrilu da Mayu. Motar da ke tafiya lafiya lau da wani mai a sanyin Jamus tana iya neman wanda ya fi shi juriya a tsakar ranar bazara a hanyar Gusau, ga na'urar sanyi a kunne, ga kaya a but.

Masu ƙera motoci sun san mai yana bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka suka ɗaura wa injin zamani wata 'yar na'ura da ke sauraron jijjigarsa. Da zarar ta ji alamar ƙwanƙwasa, ƙwaƙwalwar mota takan jinkirta lokacin da fulogi ke kunna wuta, ta rage matsin turbo, wani lokaci ta ƙara feso mai don ya sanyaya silinda. Wannan ne ya sa mota mai turbo da aka ba man da bai kai nata ba ba ta mutuwa nan take. Takan yi nauyi, ta ƙara shan mai, hayaƙinta ya ƙara zafi. Amma wannan kariya tana da iyaka, kuma iyakar tana rubuce a littafin motar. Akwai motocin da kamfani ya ce an fi so a ba su mai mai babban okten amma suna iya shan na gama-gari, akwai kuma waɗanda ya ce wajibi ne, ya faɗi mafi ƙarancin lambar da ba a sauka ƙasa da ita. Akwai ma motocin turbo da yawa, kamar Honda Accord mai lita 1.5 ta 2018 zuwa sama, da aka tsara su sha man gama-gari na Amurka. Ga irin waɗannan, ƙarin okten kusan asarar kuɗi ce. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2016 cewa direbobin ƙasar sun ɓatar da sama da dala biliyan 2 a shekara guda wajen sayen mai mai tsada ga motocin da ba sa buƙatarsa. Matakin farko ke nan kafin a sayi kowace kwalba: a san ajin da motar take ciki.

Wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne karanta lambar kanta, domin duniya ba ta amfani da ma'auni ɗaya. Turai da Japan da Afirka suna rubuta lambar da ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa RON da wata lambar da ake samu a gwaji mai tsanani, wato MON, su raba biyu, su rubuta sakamakon a famfo. Wannan lamba tasu takan gaza RON da huɗu zuwa biyar. Man 87 na Amurka yana daidai da kusan RON 91, man 91 nasu kusan RON 95 ne, na 93 kuma kusan RON 98. Ƙa'idar fetur a Najeriya ta tsaya a kan RON 91 a matsayin mafi ƙaranci. Ma'ana, mutumin da ya sayo Mercedes daga Amurka ya ga an rubuta 91 a murfin tanki, ya kuma ji an ce man Najeriya 91 ne, ya saki jiki, ya yi kuskure: motarsa 95 take nema a ma'auninmu, yana ba ta abin da a can ake kira 87. Akasin haka ma yana faruwa. Wanda littafin motarsa ta Amurka ya ce 87 ya wadatar ba shi da wani giɓi da zai cike, muddin man da yake saye ya cika ƙa'ida. Motocin tsere na Turai da ake ba shawarar a zuba musu 98 su ne suka fi nisa da famfonmu, da tazarar lamba bakwai.

Yanzu sai a auna kwalbar da wannan tazara. Abu na farko shi ne yadda ake rubuta alkawarin. Kamfanoni da dama suna lissafi da maki, kuma maki goma ne ke yin lamba ɗaya ta okten. Kwalbar da ta ce tana ƙara maki bakwai tana ɗaga mai daga 91 zuwa 91.7 ne, ba zuwa 98 ba. Abu na biyu lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi. Ɗaya daga cikin sinadaran da ba na ƙarfe ba mafi juriya da ake sawa a fetur shi ne toluwin, wanda okten ɗinsa ya kai wajen 120. Idan aka juye kwalba mai mililita 300 ta tsantsarsa a tankin lita 60 na man 91, abin da zai ƙaru bai kai kashi biyu cikin goma na lamba ɗaya ba. Don a kai wannan tanki 95 ta wannan hanya, sai kusan lita 8 daga cikin 60 ɗin sun zama toluwin. Cokalin sukari guda a randar koko ba ya sauya ɗanɗano, komai kyawun sukarin. Saboda haka duk ƙaramar kwalbar da ke cike da irin waɗannan sinadarai, ko da barasar masana'anta, ko da maganin wanke bututun mai, ba za ta iya cike tazarar lamba huɗu ba, kuma wannan hukunci daga yawan ruwan da ke cikinta ya fito, ba sai an kai ta ɗakin gwaji ba.

To, ta yaya wasu kwalaben suke ɗaga okten da lamba biyu ko uku da ɗan ruwa kaɗan? Da ƙarfe. Tarihin wannan dabara ya soma a Disambar 1921, lokacin da Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa. An shafe shekaru da dama ana zuba shi a fetur a duniya, yana fita ta salansa yana shiga jinin yara yana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Waɗanda suka gaji dalma a cikin kwalaben yau su ne MMT, wanda ke ɗauke da manganis, da ferosin, wanda ke ɗauke da baƙin ƙarfe. Suna aiki, babu musu. Amma ƙarfe ba ya ƙonewa ya zama hayaƙi ya wuce gaba ɗaya. Wani kaso nasa yakan zama toka mai launin tsatsa ya manne a bakin fulogi, da kan na'urar da ke auna iskar salansa, da cikin ƙananan ramukan matatar hayaƙi da kanikawa ke kira indomi. Fulogi ya soma tsallake wuta, mota ta riƙa fizga, wutar gargaɗi ta kama, indomi ya toshe a hankali. Ƙari a kan haka, amfanin sinadarin yana raguwa yayin da ake ƙara shi: kwalba ta biyu ba ta ba da abin da ta farko ta bayar, amma tokarta cikakkiya ce.

Wannan ba zargi ne na fatar baki ba. Ƙungiyoyin masu ƙera motoci na Turai da Amurka da Japan suna da wata takardar haɗin gwiwa kan ingancin man da suke so a zuba wa motocinsu, kuma a cikinta sun nemi kada a sa kowane sinadarin ƙarfe a fetur. Littattafan motoci da yawa ma suna gargaɗin masu su a kan MMT da sunansa. Tarayyar Turai ta ƙayyade manganis a kan miligiram 6 a lita daga 2011, ta sauke shi zuwa 2 daga 2014. Misali mafi kusa da mu ya faru a Ghana a ƙarshen 2023, lokacin da masu motoci suka yi ta kukan cewa motocinsu suna fizga, fulogansu suna mutuwa da wuri. Bincike ya karkata kan yawan manganis a fetur, a lokacin da ƙa'idar ƙasar ta yarda da miligiram 18 a lita, har hukumar man fetur ta ƙasar, NPA, ta umarci a sauke shi zuwa 6 a man gama-gari da 2 a na musamman. Tun kafin wannan, hukumar sa ido ta ƙasar Holan ta bayyana a 2018 cewa ana haɗa wa Afirka ta Yamma fetur mai manganis da benzin fiye da abin da Turai ta yarda a sayar a gida, abin da ya sa daga baya ƙasar ta kafa iyaka kan irin man da za a fitar daga tashoshinta. Darasin ga mai kwalba a bayyane yake. Man da ke tankinsa yana iya zuwa da nasa manganis tun daga jirgi, shi kuma ya ƙara wani a kai ba tare da sanin jimillar ba.

Wani zai ce shi dai ya zuba ya kuma ji bambanci, mota ta saki jiki, ƙarar ta ɗauke. Ba a ƙaryata shi. Idan motarsa tana cikin masu neman 95 kuma kwalbar mai manganis ce, lallai ƙwaƙwalwar motar za ta mayar da wani abu na ƙarfin da ta janye, kuma zai ji shi a ƙafa. Tambayar ita ce nawa zai biya a fulogi da na'urorin salansa bayan tankuna ashirin ko talatin. Akwai kuma wasu dalilan da ke sa a ji sauyi ba tare da okten ya motsa ba. Kwalabe da yawa suna da maganin wanki da ke buɗe bakin bututun feshin mai, wanda aikin kirki ne amma daban yake da ƙara okten, kuma ana samun sa shi kaɗai ba tare da ƙarfe ba. Sau da yawa ana zuba kwalbar ne a lokacin da aka cika tanki da sabon mai daga wani gidan mai na daban, ko a gwada motar da dare bayan gari ya yi sanyi. Wanda kuma ya fitar da kuɗinsa yana tuƙi yana jiran ya ji sauyi. Hanyar raba gardama tana hannun kanikawan zamani: na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari tana iya nuna, a motoci da yawa, yawan jinkirin da ƙwaƙwalwa ke yi wa fulogi saboda ƙwanƙwasa. A auna kafin a zuba, a auna bayan an zuba, a hanya ɗaya da lokaci ɗaya na yini.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta wanda ya riga ya sayi motar, littafinta ya ce 95 ko 98 wajibi ne, garinsa kuma babu wannan mai. Zai ce tokar fulogi ta fi fasasshen fistin sauƙi, kuma a nan yana da gaskiya. Ga irin wannan mota, musamman wadda aka sauya lissafin ƙwaƙwalwarta a waje don ta ƙara gudu, kwalba mai inganci tana da gurbi a matsayin abin fita kunya: doguwar tafiya a tsakiyar bazara, ko tankin da aka cika a wurin da ba a amince da mansa ba. Sharaɗin shi ne a bi adadin da kamfani ya rubuta ba ƙari, a san abin da ke cikinta, a riƙa duba fulogi kafin lokacin da littafi ya ɗiba. Amma kafin a kai nan akwai matakan da suka fi araha kuma suka fi ɗorewa. Motar da aka ƙara wa gudu ana iya mayar da ƙwaƙwalwarta lissafin kamfani, wasu ma ana iya daidaita su da man 91, a rasa ɗan ƙarfi a tsira da inji. Direba yana iya rage buƙatar okten da ƙafarsa: kada ya danne totur har ƙasa da rana tsaka, kada ya ja mota a babbar giya inji yana nishi, ya bar giya ta sauko kafin ya nemi wuce wata mota. Ƙwanƙwasa a ƙarƙashin nauyi take faruwa, kuma tafiyar cikin gari a hankali ba ta cika kai inji can ba.

Abin da ya fi kwalba haɗari shi ne haɗe-haɗen gida da ake yaɗawa baki da baki. Wasu suna ba da shawarar tina ta masu fenti, wadda cakuɗa ce da ba a san abin da ke cikinta ba, tana cin roba da tiyo, tururinta kuma guba ne. Wasu suna jefa ƙwallon kafur a tanki, wanda ke iya barin saura ya toshe matatar mai. Wasu suna neman man ƙananan jiragen sama masu farfela saboda babbar lambarsa, alhali har yau yana ɗauke da dalma, kuma tankuna kaɗan sun isa su kashe indomi. Sinadarin metanol ma yana da babban okten, amma yana jan ruwa yana cin ƙarfe da roba. 'Yan Najeriya sun ga aikinsa a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, aka janye man daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo gidajen mai na tsawon makonni. Babbar lamba ita kaɗai ba ta mayar da ruwa man kirki. Matatar mai tana daidaita abubuwa da yawa a lokaci guda, daga saurin tururi zuwa yawan dattin da zai bari, kuma ba a yin wannan aiki da mazurari a bakin gareji.

Wata illar kwalbar ita ce tana rufe ciwon da ya kamata a nema. Inji yakan yi ƙwanƙwasa ko da man ya cika ƙa'ida idan lagireton iska ya cika da ƙurar hunturu, ko matatar iska ta toshe, ko fankar sanyaya inji ta yi rauni, ko an sa fulogin da ba nasa ba, ko baƙin dattin gawayi ya taru a kan fistin. Akwai kuma wata fashewa ta musamman da ke addabar ƙananan injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda. Takan faru ne idan aka danne totur inji yana juyi a hankali, wuta ta kama tun kafin fulogi ya kunna, kuma sau ɗaya tana iya fasa fistin. Bincike ya danganta ta da ɗigon baƙin mai da ɓarɓashin datti, shi ya sa cibiyar man fetur ta Amurka ta fito da sabon ajin baƙin mai na SN Plus a 2018 da SP a 2020. Ƙarin okten ba shi ne maganinta ba, baƙin man da ya dace ne. Mai motar turbo da ke yin juye da kowane irin baƙin mai da aka miƙo masa, sannan ya sayi kwalbar okten, ya bar jaki yana dukan taiki. Haka nan wanda ke sayen mai a wajen 'yan bumburutu: fetur da ya wuni a jarka cikin rana yana rasa sassansa masu saurin tashi, waɗanda wasunsu ke riƙe da okten ɗinsa, ban da abin da ƙila aka gauraya masa.

Akwai masu cewa su sun riga sun cire indomi, don haka ƙarfe ba shi da abin da zai toshe. Fulogi da na'urorin auna iska suna nan, kuma abin da indomi ba ya tarewa yanzu yana fita kai tsaye zuwa hancin mai talla da ɗan acaɓa da yaron da ke tsallaka titi. Manganis da aka shaƙa da yawa yana taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda aka daɗe da sani a tsakanin masu walda da masu haƙar ma'adinai. Akwai kuma masu ganin duk wannan matsalar masu hannu da shuni ce. A da haka ne, amma turbo ya sauko cikin motocin yau da kullum. Honda Civic ta samu injin turbo a 2016, CR-V a 2017, Toyota ta maye gurbin babban injin Land Cruiser mai silinda takwas da mai shida da turbo biyu a 2021. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo. Abin da ake sayarwa sabo a can yau, shi ne ɗan Kwatano na gobe a hannun malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati.

Shi ya sa nake ganin maganar ta wuce shagon kayan gyara, ta kai teburin hukuma. A zamanin tallafin mai a Najeriya, lokacin da gwamnati ke tsayar da farashi ɗaya, babu ɗan kasuwar da zai ga riba a kawo mai mai daraja biyu. Dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA, an cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana kuma ta soma fitar da fetur a Satumban 2024. Hujjar da ta hana a samu famfo biyu ta raunana. A Ghana gidajen mai suna sayar da 91 da 95 gefe da gefe, mai mota ya zaɓi nasa. Abu uku ake nema daga hukuma da dillalai: a samar da man 95 aƙalla a manyan birane da manyan hanyoyi, a rubuta lambar okten a jikin kowane famfo a kuma riƙa gwada ta, sannan a sa iyaka mai tsauri kan manganis a fetur, a tilasta wa masu shigo da kwalaben su bayyana abin da ke ciki, aikin da ya rataya a wuyan hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON. Ministocin ECOWAS sun riga sun amince da ƙa'idar mai ta bai-ɗaya a Wagadugu a Fabrairun 2020, abin da ya nuna yankin yana iya haɗa kai a kan ingancin mai idan ya so.

Kafin a kai ga wannan, nauyin yana kan mai saye. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma da yawa suna sayen motar turbo ba tare da dillali ya faɗa musu irin man da take sha ba. Duk mai shirin sayen mota ya buɗe murfin tanki kafin ya biya, ya karanta lambar, ya tambayi ƙasar da aka ƙera motar dominta, ya mayar da lambar zuwa ma'auninmu. Idan ta nemi abin da babu a garinsa, ya nemi wata, ko ya saya da sanin ɗawainiyar da ya ɗauka. Wanda kuma ya riga ya saya, ya sa kuɗinsa a baƙin man da ya dace, da fulogin asali, da tsabtar lagireto, da gidan man da ya amince da shi, ya ajiye kwalbar okten don ranar larura kaɗai.